Madarar Jarirai: Yadda Ake Zaɓa, Yadda Ake Haɗawa, da Lokacin Canzawa

Da wuya a sami macen da ta ɗauki ciki wata tara tana burin gwangwani ya shayar mata da ɗa. Larura ce ke shigo da shi gida. Wata Allah ya yi mata rasuwa wajen haihuwa, jinjiri ya koma hannun kaka. Wata 'yan uku ta haifa. Wata tana kwance a asibiti, ko tana shan maganin da likita ya ce kada a shayar a kansa. Wata kuma hutun haihuwarta ne ya ƙare, aiki ko makaranta na jiranta. Wadda ta sami kanta a wannan hali ba wa'azi take nema ba a kan falalar nonon uwa, ta riga ta sani. So take a gaya mata wacce za ta saya, yadda za ta haɗa, da abin yi ranar da yaro ya tashi da kuka da tumbuɗi, 'yan barka kuma kowa na cewa madarar ce ba ta karɓe shi ba.

Duk da haka, a bar ni in faɗi abu biyu kafin mu je kanti. Na farko, mata da yawa da ke kukan nononsu ba ya isa, a gaskiya yana isa. Da fitsari da awo ake gane ƙoshin jariri. Wanda ke jiƙa nafkin shida ko fiye cikin awa 24, nauyinsa kuma yana hawa a katin asibiti, yana samun abin da ya ishe shi ko da yana yawan kuka. Nono kuwa tsotso ne ke kawo shi. Duk fidar da aka ba yaro ta rage tsotso ɗaya, nono ya ƙara ja baya, sai abin da ake tsoro ya tabbata. Mai fita aiki tana iya tatsa a kofi mai murfi, zai kai awa huɗu a wuri mai sanyi bai lalace ba. Na biyu, maraya yana da hanyar da ta girmi gwangwani, wato wata mace ta shayar da shi, ko inna ko gwaggo ko wata mai goyo a dangi. Addini ya san da wannan, ya kuma yi masa hukunci: ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan uwansa, babu aure tsakaninsu, don haka a sanar da dangi kada a manta. Sai dai a fara yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Ita ma uwar da ke ɗauke da wannan cuta, muddin tana shan maganinta a kan ƙa'ida, shawarar hukumomin lafiya a Najeriya ita ce ta shayar da ɗanta.

To, an duba duk wannan, madara ta zama dole.

Wacce za a saya

Duk madarar jarirai ta matakin farko, wadda aka rubuta lamba 1 a jikinta, ko aka ce daga haihuwa zuwa wata shida, a kan ma'auni ɗaya ake yin ta. Hukumar Codex, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa, ta fitar da ƙa'idar tun 1981, aka sake yi mata gyara a 2007. Ita ta yanke iyakar furotin da mai da bitamin da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da za a samu a ciki, ta kuma ce kowane mil 100 ya ba da kalori 60 zuwa 70. Kusan dukkansu daga nonon saniya suke. Ana rage masa furotin da gishiri, a ƙara masa sukarin nono da man tsirrai da ƙarfe, har ya matso kusa da nonon mace gwargwadon iko. Ko NAN ce, ko Lactogen, ko SMA, ko Cow & Gate, ko Aptamil, ko Nursie da Guigoz da ake gani a kantunan Maraɗi da Damagaram da rubutun 1er âge, lafiyayyen jaririn da aka haifa da cikakken wata tara zai rayu ya girma da kowacce.

Ina tsadar take fitowa, ke nan? Daga suna, da kuɗin shigowa da kaya, da kalmomin da aka ƙawata gwangwani da su: mai ƙara basira, mai ƙarfafa garkuwa, mai sauƙin narkewa, mai sa barci. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da aka yi a ƙasashe 15, har da Najeriya, a kan irin waɗannan iƙirari, aka tarar mafi yawansu ba su zo da wata hujja ta kimiyya ba, kaɗan ɗin da suka zo da ita kuma galibi da hannun kamfanoni a binciken. Ba banza ba tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar hana tallata madarar jarirai kai tsaye ga iyaye, Najeriya kuma ta yi tata dokar a 1990. An daina tallar a rediyo, ta koma jikin gwangwani da bakin mai kyamis.

Maigida, wannan lissafin naka ne, kuma a yi shi kafin a buɗe gwangwanin farko. Jaririn da madara kaɗai yake sha yana cinye kusan kilo 20 na gari a wata shidan farko. Gwangwani 50 ke nan na giram 400: kamar biyar a watan farko, takwas ko tara a tsakiya, goma a wata na biyar da na shida. Ka tambayi kuɗin gwangwani ɗaya ka ninka sau goma, ka ga ko albashi ko cinikin wata zai ɗauka, ban da gawayi ko gas na tafasa ruwa da sabulu. Abin da ya fi cutar da jarirai a gidajenmu shi ne a fara da mai tsada ranar suna, don kunya ko don ƙauna, bayan sati uku aljihu ya gaza, sai a koma zuba cokali biyu a inda ake zuba huɗu domin gwangwani ya kai ƙarshen wata. Yaro yana sha cikinsa na cika, yana ramewa a hankali, har tamowa ta kama shi. Idan ruwan ya yi yawa sosai gishirin jininsa ya faɗi, sai ya fara jijjiga, a ce iska ce. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai gari. Madarar da za ka iya saya kowane sati ba fashi, kuma ake samunta a kantin unguwarku, ita ce ta fi wa ɗanka, ko da ita ce mafi araha a kan kanta.

Araha fa tana da iyaka. A duba lambar NAFDAC. A juya gwangwani a duba ranar ƙarewar wa'adi a gindinsa, a tabbata ba a kankare ta ko an liƙa wata takarda a kai ba. Wanda ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko ya kumbura, ko aka taɓa ɓare takardar da ta rufe bakinsa, a bar wa mai kanti abinsa. Kada a sayi garin da aka auna a leda da sunan madarar jarirai, ko wane ne ya rantse. A 2004, a yankin Fuyang na ƙasar Sin, jarirai fiye da goma sun mutu saboda jabun madara da kusan babu furotin a cikinta. A 2008 kuma aka zuba sinadarin melamin a madara, ya taɓa ƙodar yara kusan 300,000. Tsarabar da 'yan uwa ke kawowa daga Saudiyya ko Dubai ko Turai tana iya zama mai kyau, amma idan babu mai karanta rubutun jikinta a gidan, ko kuma in ta ƙare ba a samun irinta, ba ta da amfanin farawa.

Sai kuma abubuwan da ba madarar jarirai ba ne ko kusa, duk da fararen gari ne a gwangwani. Madarar shayi irin su Peak da Cowbell da Dano da Nido, da ta ruwa mai kauri da zaƙi, ba a yi su don jinjiri ba, wasunsu ma an rubuta haka a jikinsu. Wani kamfanin yana da ta jarirai daban, sai a karanta da kyau kada suna ya ruɗi mutum. Nonon saniya da na akuya yadda aka tatso su, furotin da gishirinsu sun fi ƙarfin ƙodar jaririn da bai kai wata shida ba, ƙarfensu kaɗan ne, na akuya kuma yana da ƙarancin sinadarin folet, abin da ke jawo wani irin ƙarancin jini. Cerelac da kastad da koko da kunu abinci ne na bayan wata shida. Zuma kuwa, komai albarkarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗaukar ƙwayar da gubarta ke shanye jikin jariri.

Haɗawa

Mutane suna ɗauka abin da ya fito daga rufaffen gwangwani babu ƙwayar cuta a cikinsa. Garin madara ba haka yake ba. Lokaci-lokaci akan sami ƙwayar Salmonella, ko wata mai suna Cronobacter da ke jawo sanƙarau ga sabuwar haihuwa. A ƙarshen 2017 da farkon 2018 kamfanin Lactalis na Faransa ya janye madararsa daga ƙasashe fiye da 80 saboda Salmonella. A 2022 aka rufe masana'antar Abbott da ke Sturgis a Amurka bayan an sami Cronobacter a cikinta, har madara ta yi wuya a ƙasar wata da watanni. Irin waɗannan ƙwayoyi ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin da ke cikin ruwa, zafin da ya rage kuma ya kashe na cikin garin. Wasu gwangwanaye suna cewa a bar ruwa ya huce sosai tukuna, don kada a kashe wasu ƙwayoyi masu amfani da aka zuba a ciki. A ganina, ga bakwaini, da jaririn da bai kai wata biyu ba, da mai rauni, zafin ruwan ya fi waɗannan ƙwayoyi muhimmanci.

Ga yadda ake yi. Ki wanke hannu da sabulu. Ki tafasa sabon ruwa kamar lita ɗaya har ya yi ta ɓararraka, ki sauke, kada ya wuce minti 30 a ajiye. Ruwan leda da na gora ma a tafasa su. Ruwan rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba taki a guje shi in da hali, domin akwai sinadarin da tafasawa ba ta fitarwa. Ki fara zuba ruwa a fida zuwa layin da ake so, ki ɗaga ta daidai idonki ki duba, sannan gari ya biyo baya. Idan gari ya riga shiga, ruwan zai gaza ma'auni, madara ta yi kauri, yaro ya yi ta fama da ƙishirwa da taurin kashi. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a nan cokali ɗaya ne ga mil 30 na ruwa. A cika cokalin a share bakinsa da bayan wuƙa mai tsabta, ba a danna shi, ba a yi masa tozo, ba a kuma yin rabin cokali. Ki rufe, ki girgiza, ki tsoma gindin fidar a kwanon ruwan sanyi ba tare da ruwan ya taɓa murfi ba, ki ɗiga a cikin hannunki wajen agogo. In kin ji ɗumi kawai, ta yi.

Don dare, a sami filas guda da ba a zuba shayi ko kunu a ciki, a cika shi da ruwa yana tafasa, zai riƙe zafinsa awoyi. A haɗa madara lokacin da yaro ya farka. Abin da ba a yi shi ne a haɗa fida uku da magariba a jera a gefen gado. Haɗaɗɗiyar madara ba ta wuce awa biyu a ɗaki, a zafin Afrilu ma ni ba zan kai ta haka ba. Wadda yaro ya sa wa baki ya rage, a zubar cikin awa ɗaya. Zubarwa tana da ciwo ga wanda ya san kuɗin gwangwani, shi ya sa gara a riƙa haɗa kaɗan, in bai ƙoshi ba a ƙara. Firji yana iya riƙe ta awa 24, amma sai firjin da wuta ba ta ɗaukewa, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Fida ita ce matattarar cuta. Madara tana maƙalewa a wuyanta da cikin kan robar, inda yatsa ba ya kaiwa. Bayan kowane sha a kwance ta gaba ɗaya, a wanke da sabulu da buroshinta, a nutsar da ita a tukunya a tafasa minti 10, a bar ta a rufe har a buƙace ta. Gidan da ruwa ko makamashi ke wuya, ƙaramin kofi ya fi fida, kuma ko sabuwar haihuwa yana iya sha da shi. A zaunar da shi a cinya, a ɗora bakin kofi a leɓensa na ƙasa, a karkata har madara ta taɓa leɓen, shi zai riƙa lasa da kansa. Ba a kwarara masa. Ɗura, wadda har yanzu wasu tsofaffi ke yi a toshe hancin yaro, tana tura madara cikin huhu. Haka ma a jingina fida da matashi a tafi aiki, ko a faɗaɗa hujin robar da allura a zuba Cerelac don ya yi barci.

Yawan abin da zai sha kuwa, kusan mil 150 ne ga kowane kilo na nauyinsa a awa 24. Mai kilo huɗu mil 600 ke nan, a raba sau bakwai ko takwas. Lissafi ne na kusa-kusa. Wani ya ɗara, wani ya gaza. In ya kau da kai ya saki robar, ya ƙoshi. Gwangwanin da aka buɗe a rubuta ranar a murfinsa, a ajiye a busasshen wuri nesa da murhu, a gama da shi cikin sati huɗu ko abin da aka rubuta a jiki. Mai haɗa nono da madara, wadda fida ɗaya take bayarwa a rana, ƙaramin gwangwani ya kamata ta riƙa saya.

"Ba ta karɓe shi ba"

Nan ne kuɗi ke zubewa. Yaro ya yi kuka da daddare, kaka ta ce, "'Yar nan, canza masa madarar nan." Aka canza. Bayan kwana uku ya yi koren kashi, maƙwabciya ta ce, "Maman Abba, ai nawa wata kaza yake sha." Aka sake canzawa. Kafin ya cika wata uku an buɗe iri huɗu, kowanne an bar rabi, ranar da kukan ya lafa kuma sai a yaba wa ta ƙarshe, alhali lokacinsa ne ya yi.

Kukan yamma, wanda yaro ke murɗe-murɗe yana naɗe ƙafa, yana farawa wajen sati biyu, ya kai ƙarshen tsananinsa wajen sati shida, ya lafa a wata uku zuwa huɗu. Masu shan nono ma suna yi. Tumbuɗi yana ƙaruwa har wajen wata huɗu, ya ragu idan yaro ya fara zama, yawanci kafin shekara ya wuce. Muddin yana ƙiba yana walwala, wanki kawai ya ƙara wa gida. Nishi da jan fuska wajen kashi ba taurin ciki ba ne in abin da ya fito mai laushi ne, kuma mai shan madara yana iya tsallake kwana ɗaya bai yi ba. Koren kashi sau da yawa ƙarfen cikin madara ne, ba illa. Kafin a zargi gwangwani a duba hannun mai haɗawa: shin ana yi wa cokali tozo? Hujin robar ya yi faɗi har yana shaƙewa, ko ya yi ƙanƙanta yana haɗiyar iska? Ana ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa a tsakiyar sha da bayansa? Ana ba shi fida duk sanda ya motsa har cikinsa ya cika ya batse? Idan mutum uku ne ke haɗawa a gidan, uwa da 'yar aiki da kaka, a tara su kowa ya haɗa a gani. Sau da yawa a nan ake gano matsalar.

Gudawa ma haka. Jaririn da ya saba da madararsa sati da satittika, rana ɗaya ya ɓarke da zawo, ruwa da fida za a fara tuhuma. Kada a tsinka madarar, kada a daina ba shi. A ci gaba kamar kullum, a ƙara da ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi a duba.

Akwai alamun da ba canjin madara suke nema ba, asibiti suke nema a ranar: zazzaɓi ga wanda bai kai wata uku ba, ƙin sha sam, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, amai kore, jini a kashi, ko baƙin kashi bayan kwanakin farko, ko fari fat, kumburin leɓe ko fuska da wahalar numfashi. Akwai kuma wani amai mai tsartuwa da ƙarfi bayan kowane sha, tsakanin sati biyu zuwa takwas, ya fi kama maza, yaro ya amayar ya sake neman sha yana ramewa. Ƙofar da ke fitar da abinci daga tumbi zuwa hanji ce ta matse. Ƙaramar tiyata ke gyara shi, kuma ana ɓata kwanaki masu tsada ana yawo daga gwangwani zuwa gwangwani.

Yaran da da gaske jikinsu ba ya karɓar furotin na nonon saniya ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari ba. Alamunsu sukan zo a haɗe: borin jini jim kaɗan bayan sha, ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka ƙi magani, majina da ɗigon jini a kashi, amai mai yawa, nauyi ya tsaya. Ga irin wannan yaro, sauya suna ba ya magani, domin duk saniya ɗaya ce. Ta akuya ma ba ta yi, furotin ɗinsu 'yan uwan juna ne. Waɗanda aka rubuta wa HA ko Comfort an ɗan farfasa furotin ɗinsu ne kawai, bai isa ba. Likita ne zai rubuta wadda aka farfasa sosai, irin su Nutramigen ko Aptamil Pepti, in abin ya tsananta kuma Neocate. Suna da tsada, suna da ɗaci, suna sa kashi ya yi kore ya saki, kuma akan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi sosai. Uwar da nononta bai ƙafe ba, wannan babban dalili ne na ta koma shayarwa gadan-gadan.

Sauran na musamman kowacce da gurbinta. Marar sukarin nono akan ba da ita na 'yan makonni idan gudawa mai tsanani ta goge hanjin yaro har ya kasa narkar da sukarin, daga baya a koma ta da. Ta waken suya ba a ba wanda bai kai wata shida ba sai da umarnin likita, kamar a wata cuta ta gado da ba a cika gani ba mai suna galaktosimiya. Mai alamar AR an ƙara mata kauri ne don mai aman da ya hana shi ƙiba, kuma yadda ake haɗa ta daban ne. Ta bakwaini asibiti ke farawa, asibiti ke cewa a daina. Ko ɗaya daga cikinsu ba a saye da shawarar mai kanti.

Idan canjin ya zama dole

Dalilai na gaskiya suna nan: wadda aka saba ta ɓace a kasuwa, ko kuɗinta ya tashi, ko likita ya ce a sauya. Daga lamba 1 zuwa wata lamba 1 babu haɗari, ana iya sauyawa ko a fida ta gaba. Mai jin kuɗi ya fara gaza shi ya sauka zuwa mai araha tun da wuri, ya fi ya ƙara ruwa ko da sau ɗaya.

In akwai sauran tsohuwar, bi a hankali ya fi daɗi ga yaro, saboda ɗanɗano ya bambanta kuma wasu suna ƙi. A ba shi sabuwar sau ɗaya da safe, don a sami yini guda ana kallonsa, sauran sha kuma tsohuwar. Kwana biyu haka, sai a mayar sau biyu ko uku, cikin kwana biyar zuwa bakwai an gama. Wanda ya ƙi ɗanɗanon, a haɗa kowacce daban da cokalinta da ma'auninta, sannan a gauraya ruwan biyu a fida ɗaya, ana ƙara sabuwar ana rage tsohuwar. Garin biyu dai ba a cakuɗa su a gwangwani ɗaya. Wanda aka sauya wa saboda borin jini ko jini a kashi, shi ba a bi a hankali. A yanke tsohuwar nan take.

Kuskuren da ya fi yawa ranar canji shi ne cokali. Kowane gwangwani da nasa, girmansu ba ɗaya ba ne, ko da kamfani ɗaya ya yi su. Waɗanda ake kawowa daga Amurka galibi cokali ɗaya ne ga mil 60, ninki biyu na abin da hannu ya saba. Wadda ta bi sabo za ta ba ɗanta madara mai kauri biyu. A jefar da tsohon cokali tare da tsohon gwangwani, a zauna a karanta jikin sabon, a kuma nuna wa duk mai haɗawa.

Bayan an sauya, kashi zai iya canza launi da wari da kauri, iska ta ɗan ƙaru na 'yan kwanaki. A ba sabuwar sati biyu kafin a yanke mata hukunci, sai fa in ɗaya daga alamun haɗarin nan ya bayyana. Kada a haɗa canjin madara da canjin fida da fara dauri ko wani maganin kumburin ciki a sati ɗaya, don in abu ya faru ba za a san mai laifi ba. A kai shi awo kafin canji da bayan sati biyu. A watanni ukun farko ana sa ran ƙarin giram 150 zuwa 200 a sati, nauyin haihuwa kuma ya ninka wajen wata biyar.

Saura lamba 2 da lamba 3. Tun 1986 Majalisar Lafiya ta Duniya ta ce madarar mataki na biyu ba dole ba ce. Yaro yana iya zama a kan lamba 1 har ya cika shekara. Idan lamba 2 ta fi araha, babu laifi a koma mata bayan wata shida cif, amma ba a ba wanda bai kai ba, ko da ya fi sa'o'insa girma. Lamba 3, ta 'yan shekara ɗaya zuwa uku, yawancinsu da ƙarin zaƙi, kuɗinta ya fi amfani a kan ƙwai da kifi.

Daga wata shida abinci ke shigowa: kunun gero ko dawa mai kauri da gyaɗa, wake da aka dafa ya yi laushi, ƙwai, kifi, hanta, ganyen zogale ko alayyafo, madara kuma ta riƙa raguwa a hankali. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ba ya shan nonon uwa, daga wata 6 zuwa 11, ana iya ba shi madarar jarirai ko nonon dabba mai cikakken mai. Likitocin Ingila da Amurka har yanzu sun fi son a jira shekara, saboda ƙarancin ƙarfe a nonon saniya. Ga gidan da gwangwani goma a wata ya gagara, ko gidan da shanu ke bakin ƙofa, wannan sassauci ne na gaske, da sharaɗi biyu: a tafasa nonon kafin a ba shi, ba a ƙara sukari, kuma kullum a sami abin ƙara jini a abincinsa, ko hanta ko nama ko kifi ko wake. A wannan lokacin ne kuma ake fara koya masa kofi, yadda zuwa shekara ɗaya za a iya ajiye fida.